Inda Zaren Kaset Ya Ƙoƙe

Na buga faifan a kan teburin mai shagon.

"Malam, raina mini hankali kake yi? Sau uku ina zarya Ƙofar Doka! Cewa na yi ka juye mini kaset ɗin aurena a faifai, ba ka goge ni ba. Kowa ya fito tas, har maroƙi, amma da an zo kan fuskata sai hoto ya hau rawa, layi ya tsaga shi!"

Ya ce, "Na canza waya, na goge kan injin."

"To ba ka iya aikin ba ne!"

Ya buɗe kaset ɗin, ya jawo zaren, ya nuna mini inda ya ƙoƙe.

"Nan kaɗai aka yi ta tariyowa ana tsayarwa, ya fi sau ɗari. A hannun wa yake?"

A ɗakin mahaifiyata na same shi bayan rasuwarta. Ni ne ɗanta na fari. Saboda kunya ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni a gaban mutane ba.

Ashe a nan take kallona.