Golan da Aka Ci a Filin Nasarawa

Baba marubucin labarin wasanni ne a wata jarida. Ina aji huɗu a firamare idonsa ya fara mutuwa. Wata Asabar da yamma ya ce in raka shi kallon ƙwallo a filin makaranta da ke Nasarawa. Muka zauna a kan benci, yana ta warin maganin ido, biro a hannunsa.

Ana dab da tashi aka jefa ƙwallo a raga. Na yi tsalle na ce, "Baba, an ci!"

Ya ce, "Na ji, ai duk filin sun gaya mini. Ke dubo mini golan da aka ci. Me yake yi?"

Na duba. Na ce yana zaune a ƙasa, ya cire safar hannu ɗaya yana cizo, kuma cikin 'yan ƙungiyarsu babu wanda ya je wurinsa.

"Yawwa. Wanda ya ci ba ya rasa mai ba da labarinsa. Ki riƙa kallon wanda aka bari shi kaɗai."

Na zaci zai rubuta, amma ko murfin biron bai cire ba. Sai a hanyar gida, yana dafe da kafaɗata, ya gaya mini tun farkon mako aka ba wani aikinsa. Na ce masa akwai kwata a gabanmu. Ya ce, "Na gode, 'yata," ya tsallake.

Yau ni ma labarin wasanni nake rubutawa. Bai rayu na karanta masa ko layi ɗaya ba, kuma abin yana damuna.