Maɗacin Baba Kafinta

Tun hantsi Baba Kafinta yake turo baro cike da jar ƙasa yana juyewa a gindin maɗacin da ke ƙofar shagonsa. Gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi, amma bai zauna ba. Gobe masu awo za su zo.

Duk shekara, idan aka gama dashen itatuwa na gayya, ƙungiyar unguwanni takan shirya gasar babbar bishiya. Ƙa'idar ba ta da wuya. Mai awo zai tsaya a gindin bishiya, ya zagaya ta da igiya daidai ƙirjinsa, wadda ta fi kauri ita ta ci. Sai a kafa mata allo, a kewaye ta da waya, ta koma hannun ƙungiya. Bana kowa ya ce maɗacin Baba ne, domin daga ƙasa ya buɗe kamar tulu, sai a can sama yake tsukewa.

Shi da marigayiya matarsa suka dasa shi a gayyar farko, ita da tsiron a cikin gwangwani, shi da fartanya. A inuwarsa ta yi jinyarta ta ƙarshe. Yanzu, ban da 'yarsu, shi kaɗai ya rage masa daga wajenta, kuma tsoron rasa shi ya hana shi cin abinci.

"Baba, wannan gata haka? Bishiya ba ta ƙiba a kwana ɗaya fa," in ji mai shayi yana dariya.

Baba ya ci gaba da juye ƙasarsa. Tun bara da ya tashi yin wata magana a taron unguwa aka ce tsufa ne ya fara taɓa shi, ya daina ɓata bakinsa.

'Yarsa ta fito ta kama hannun baron. "Don Allah, Baba, ka bari haka. Ko ba ƙasar nan mu za mu ci."

"Sakar min, 'yar nan," ya ce. "Bai isa ba tukuna."

Ya tara ƙasar ta yi tudu mai faɗi, ya daddaɓe ta da guntun katako, ya baje busasshen ganye a kai har ta saje da wurin. Da la'asar tafin hannunsa duk ya yi kanta.

Washegari motar ƙungiya ta iso. Alƙalin gasar shi ne mutumin da ake kira Mai Dashe, wanda ke raba tsirrai kyauta duk damina, har mata na sa masa albarka. Yatsu uku ne a hannunsa na dama. Ya fara da maɗacin unguwar bayan asibiti, sannan ya zo na Baba. Ya ƙwanƙwasa jikinsa ya kasa kunne, ya ɗaga kai ya bi miƙewarsa da ido, ya waiwaya ya dubi faɗin titin.

"Lafiyayye," ya ce. "Ba irin wanda ya ci bara ba. Wancan gara ta cinye cikinsa, dole muka kawar da shi kada ya faɗa wa mutane."

"Na bariya, shekara biyu baya, shi ma haka," wata tsohuwa ta ce. "Allah ya kyauta."

Mai Dashe ya hau tudun bai ko dubi ƙasa ba, ya zagaya igiya daidai ƙirjinsa. Baba ya dafa bango. Bakinsa sai motsi yake, zufa ta jiƙe masa riga sharkaf. Aka ɗaura ƙulli, aka shimfiɗa igiyar a ƙasa kusa da ta bayan asibiti.

Ta gaza da faɗin tafin hannu.

Unguwa ta ɓarke da salati. Mai shayi ya rantse an yi coge. 'Yar ta fashe da kuka. 'Yan bayan asibiti suka ɗauki allonsu da wayarsu suka tafi suna tafi da guɗa.

Baba ya zube a kan tudun ya kifa goshinsa a jikin maɗacin, kafaɗunsa na jijjiga. Maƙwabta suka yi ta ba shi haƙuri, suna cewa baɗi ma rana ce. Ba wanda ya matso kusa har ya ji cewa godiya ce yake ta jerowa.

Baɗi kuma zai ƙara ƙasa, igiyar ta ƙara hawa inda bishiyar ta fi siranta, domin shi ne kafintan da ya sayi zakaran bara da na bariya, an fere su allo-allo babu ko hujin gara ɗaya, daga injin yankan katako na Mai Dashe.