Askar Wanzamin Basha

"Wallahi ko yaji za ki yi, askar nan ba ta barin gidan nan!" in ji Si Larbi, rabin fuskarsa duk kumfar sabulu.

Zhor matarsa ta riƙe ƙugu. "Aska ashirin da bakwai a akwati, gemu ɗaya! Yanzu kuma ka kwaso mana tsatsa."

Maganar ta yi masa ciwo. Wata shida yana zarya a shagunan tsofaffin kaya na birnin Fas a Maroko, kafin ya ci karo da askar a gwanjon intanet, ya kayar da wani Bafaranshe. Mai sayarwa ya rantse ta wanzamin basha ce, wato gwamnan birnin a zamanin da.

"Fuskar manya kaɗai ta taɓa," ya ce, ya sumbaci askar. "Inna, ke kin san kayan da. Gaya mata."

Tsohuwarsa Lalla Ghita ta ajiye shayinta ta karɓa. Ta shafa wata ƙuna a jikin mariƙin, sai dariya har da hawaye.

"Wane basha? Wannan ai ta Ba Allal ce, wanzamin unguwarmu. Bai taɓa aski da ita ba."

"To me yake yi da ita?"

"Kai ne mai tambaya? Ni na riƙe maka ƙafafu kana ihu kamar akuya. Duk mazan layinmu da ita aka yi musu kaciya."

Zhor ta zube a kujera tana dariya. "Ƙarasa askinka mana, ranka ya daɗe, ai kun saba!"

Larbi ya fice da kumfarsa, ya banko ƙofa garam.