Abin da Ke Ƙasan Kwalla

Kin ce in haɗa miki humra mai ƙarfi wadda ke danne wari. Zauna tukuna, 'yar nan, in ba ki wani misali. Ba a littafi na karanta shi ba, karatuna bai yi nisa ba. A kan ƙanwata ya faru, uwa ɗaya uba ɗaya, bana shekararta biyu a ƙasa. Ba zan kama suna ba, ki ɗauka wata mata ce kawai.

Wata mata ce mijinta ya tafi ci-rani ƙasar waje, aka shekara uku sai murya a waya. Ga ƙuruciya ga lafiya, kuma ba ta son kula namijin da ba nata ba. Sai ta sayi abin nan na roba mai siffar gaban namiji, wanda masu kayan mata ke sayarwa a ɓoye. Ko daidai ta yi ko kuskure, wannan na malamai ne, ni turare nake haɗawa. Abin da na sani, gidan haya take zaune, ɗaki tara, famfo ɗaya a tsakar gida, igiyar shanya ɗaya. Ko cokali kika fito wankewa sai an san abin da kika ci. To ina za ta wanke wannan abu, ina za ta shanya shi? Sai ta riƙa goge shi da tsumma, ta yayyafa masa humra, ta kifa kabbasa, kwandon nan na turara kaya, a kan kasko ta turara shi kamar kayan amarya. A ganinta duk abin da ya sha hayaƙi ya yi ƙamshi ya tsarkaka. Da danshinsa take ƙulle shi a leda, ta tura ƙasan kwalla, ta jera zannuwa a kai.

A wurina take karɓar humrar. Kwalbar da kan yi mata wata biyu ta koma sati biyu. Har tsokanarta nake yi: "Ke, miji yana bayan teku, wa kike yi wa wannan ƙamshi?" Ta yi dariya ta ce, "Yaya, bango nake yi wa."

Da ƙaiƙayi ya fara, sai ruwa mai wari, sai ciwon mara, sai zazzaɓi mai tafiya ya dawo. Ɗakinta kuma ya canza. In kin shiga ƙamshi ne zai fara tarbarki, kina zama sai wani wari ya taso daga ƙarƙashinsa, kamar ɓera ya mutu a inda hannu ba ya kai. Aka ɗaga gado, aka share, ba a ga komai ba. Kwallayenta shida ne a jere, amma da rana tsaka a kan murfin guda ɗaya kawai ƙudaje ke taruwa, su yi shiru ba sa tashi. Matan gidan suka ce ai namijin dare ne ya aure ta, tunda miji ya daɗe. Aka kawo hayaƙin aljanu, turare a kan turare. Ita kuwa ba ta musa ba, gara mata a ce aljani ne.

Na kai ta asibiti. Malamar asibiti ta tambaye ta, "Baiwar Allah, akwai abin da kike sawa a gabanki?" Ta ɗago ta dube ni, ta ce babu. Ina tsaye a kanta da jaka a hannu, ban yi hankalin fita ba. Aka ba ta magani ta ɗan ji sauƙi, ta koma ga abinta, ciwo ya dawo. Karo na uku ya riga ya taru a mara ya shiga jini. Kwana huɗu ta yi a gadon asibiti.

Bayan sadakar bakwai, da hantsi, mata suka taru a haɗa kayanta. Ni na buɗe kwallar nan. Zanen sama ƙamshi, na biyu ƙamshi, ina yin ƙasa ƙamshin yana ja da baya. Zanen ƙarshe ya yi baƙin tabo. Ledar da ke ƙarƙashinsa ta yi gumi, da ɗuminta kamar abu mai numfashi. Na leƙa. Robar duk ta tsattsage, baƙar fumfuna ta cika tsagogin. Na dunƙule ta cikin hijabi. Wata ta ce, "Mene ne, Yaya?" Na ce tsumma ne.

Na koma wurin malamar nan na nuna mata. Ba ta zagi mamaciya ba. Ta ce ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi kawai abin yake so, kafin amfani da bayansa. A bar shi ya bushe ƙayau, ko a cikin ɗaki ne a kan ƙyalle mai tsabta, a ajiye a jakar yadi ba leda ba. Humra ko turare kada su taɓa shi. In ya tsage a yar, kuma ba a aronsa. Buta ɗaya da robar wanki ɗaya a bayan ƙofa sun isa. Sai ta ce, "Da ta faɗa min tun ranar farko, da abin da sauƙi."

Har yau mijinta aljani yake cewa. Bayan malamar nan, ke kaɗai na faɗa wa. Don haka in kina da irinsa, ki wanke shi. In jikinki ya canza, ki gaya wa mai magani gaskiya, ko da sai kin kori yayarki waje. Ƙanwata ta haɗiye magana ɗaya don gudun kunya, maganar ta tafi da ita. Hausawa sun riga sun faɗa: barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.