Ankon Ranar Alhamis

Ga misalin wata mata mai suna Tasalla, wadda ke aikin tsince zoɓo a wani sito tare da mata arba'in da 'yan kai. Suna da ƙungiya, kuma duk farkon kaka shugabarsu, Yaya Kubura, takan zauna da masu siton a madadin kowa. A irin wannan zama suka samo takunkumin rufe hanci saboda ƙurar zoɓo mai sa tari, da hutun azahar, da randar ruwan sanyi a bakin rumfa. Ana nan sai aka kawo sabon manaja. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya dai raba su rumfa uku, ya hana kai da kawo, sannan ya riƙa kiran su ofis ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Tasalla ya tura mata takarda da tawada, ya ce daga bana babu sauran zama da ƙungiya, kowa ta yi maganarta da bakinta. Ya ce duk sun dangwala yatsa, ita kaɗai ta rage. Ta roƙi kwana uku, ta fito kanta a ƙasa. Ba ta tambayi kowa ba, don tana jin nauyin ta ji daga bakin ƙawayenta cewa sun sallama. Ba ta san kowaccensu da wannan nauyin take yawo ba.

To, buta biyu ce kawai a bakin famfo, duk mai alwala sai ta karɓa daga hannun wata. Ta nan saƙon Yaya Kubura ya bi rumfunan uku: wadda ba ta dangwala ba, ranar Alhamis ta sa atamfar nan mai ruwan ɗorawa da suka yi anko da ita bara. Tasalla ta san in ita kaɗai ta sa, ta tona kanta, ga shi aikin nan ne tuwon 'ya'yanta. Ta ɗauko atamfar, ta mayar, ta sake ɗaukowa. Daga ƙarshe ta sa, amma ta ɗaura zanen can sama, ta lulluɓe da hijabinta mafi tsawo.

Da ta isa ƙofar sito sai ta tarar kowa cikin dogon hijabi har ƙasa, ga zafi, ana gaisawa ana satar kallon ƙafafun juna. Sai wadda ke gabanta ta ɗaga ƙafa za ta tsallake kwata, bakin zane ya leƙo, ruwan ɗorawa sak.

"Au, ke ma, munafuka?" in ji Tasalla.

"To ke me kika ƙunsa a ciki, kina tafiya kamar agwagwa?"

Dariya ta ɓarke. Aka shiga tuɓe hijabai, wata ta rangaɗa guɗa, tsakar sito ta koma kamar gidan biki. Mata uku ne kawai suka dangwala, suka raɓe jikin bango cikin tsofaffin kayansu, kunya ta rufe su. Tasalla ta kwance ɗankwalin ankonta ta ɗaura wa ɗaya, wasu biyu suka yi wa sauran haka, aka jawo su cikin sahu.

Manaja ya leƙo ta taga ya ce, "Bikin wa ake yi?"

Yaya Kubura ta ce, "Ranka ya daɗe, namu ne, kuma kana cikin gayya. Kujera biyu ake sawa, taka da tawa, a zauna maganar ƙungiya kamar kowace shekara."

Ya dubi matan, ya dubi motocin da ke jiran lodi a bakin ƙofa, ya aika a kawo kujera. Bai sake ambaton takardar ba. Da ma Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.