Tafkin da Tsuntsu Ba Ya Sauka

Ranar da za a raba wa malaman makaranta usur da ƙyallen wuya, bayan sun gama koyon aikin sikawut, tsohon da ya horar da su ya zaunar da su ya ba su wannan misali.

Wani malami ne ya fita daji da ɗalibansa a tsakiyar bazara. Ya koya musu ɗaurin igiya da bin sawu, ya kuma kafa musu doka: duk tsananin ƙishi, ba a shan ruwan daji sai an tafasa. Da rana ta take, ruwan gorunansu ya ƙare, sai suka ɓulla wani kufai. Bayan rusassun katangu akwai tafki, ruwansa kore shar, ko motsi ba ya yi. Babu kukan kwaɗo, babu sawun dabba a bakinsa. Tsuntsaye ma in sun zo saitinsa sai su karkata. Malamin ya lura da duk wannan, amma maƙogwaronsa ya bushe ƙamas. Ya zaunar da yaran a inuwar wata kuka, ya ce, "Ku yi haƙuri irin na maza, yanzu zan dawo." Ya zagaya ta bayan katanga inda ba mai ganinsa, ya durƙusa, ya kamfata ya sha.

Da ruwan ya lafa, sai ya ga fuskarsa a ciki. Kusa da ita ga wata fuskar, ga wata, ga wata, jere har ƙarshen gaɓa. Bai ji takun kowa ba. Ashe yaran sawunsa suka biyo tsit, yadda ya koya musu, kowanne ya durƙusa irin durƙusonsa, ruwa na ɗiga daga haɓarsa. Ya buɗe baki zai tsawata, ya rasa da wane baki. Kafin la'asar ciwon ciki ya kayar da su, sai mutanen wani ƙauye da ke kusa ne suka kwaso su a amalanke. Shi malamin ya miƙe bayan 'yan kwanaki. Ƙaramin cikinsu bai tashi ba.

Tsohon ya dubi malaman ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Yaro ba bakinku yake bi ba, ƙafarku yake bi. Shi ya sa Hausawa suka ce, inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya kan sha."