Ruwan da Bai Kwana Ba

Auta bai gama goge gilashin akwatin kifayen ba, kifi na farko ya juya ciki sama.

Shekara tara mahaifinsa ya yi yana zaɓen ƙananan kifayen nan yana haɗa su, har ya samu irin da wutsiyarsu ja ce wur. Da ya rasu, akwatin gilashin ya koma hannun autansa. Yau mai shagon kifi zai zo gani, shi ya sa Auta ya canja musu ruwa, ya cika akwatin daga famfo.

"Ka bar ruwan ya kwana kuwa?" in ji mahaifiyarsa daga bakin ƙofa. "Maganin da ake sa wa ruwan famfo kashe su yake."

"Haba Mama, ruwa ai ruwa ne."

Kafin la'asar ya kwashe gawa talatin da cokali.

Ta dafa kafaɗarsa. "Share hawayenka, sarkin gaggawa, irin bai ƙare ba. 'Ya'yansu cikin ciyawar da ke tsohon ruwan suke ɓuya, ido ba ya ganinsu. Ina ka ajiye tsohon ruwan?"

Ya juya ya dubi bakin kwata, inda ya zubar da shi. Ciyawar na yashe a rana, kajin maƙwabta suna ta tsattsagarta.